Iri Ya Bi Mai Shi: Daga Tawa Zuwa Tebaram

Wanda ya taso daga Maradi zai je Tawa, hanyarsa ita ce ta Madawa da Galmi da Malbaza, ya bi kwalta har Tsernawa, sannan ya karya arewa. Na bi ta a ƙarshen kaka, an gama yankan hatsi ana ta jigilar dammuna a amalanken jaki. Abin da ya fitar da ni shi ne son in ga bakin iyakar noma, inda gonar gero ta ƙarshe ke fuskantar makiyayar Azawak, in kuma ga irin da mutanen wurin ke shukawa da abin da suke ci.

A Galmi mota ba ta wucewa sai an tsaya. Buhunan albasa ne jere a bakin hanya, manyan motoci na lodi zuwa Gana da Kwaddibuwa, a bayan gari kuma ga rudu-rudun kara inda ake ajiye ta watanni ana jiran tsada. Asalin albasa can tsakiyar Asiya ne, fatauci ya kawo ta ƙasar Hausa, amma manoman wannan kwari suka yi ta zaɓen uwar iri shekara bayan shekara har suka fitar da tasu, ja mai duhu, mai yaji, mai jure ajiya. A shekarun 2000 wani kamfanin sayar da iri na Senegal ya nemi hukumar OAPI da ke Yawunde ta yi masa rajistarta da sunan Galmi. Manoman albasa na Nijar suka tashi tsaye, kamfanin ya saki sunan, daga baya kuma hukumar ta amince cewa sunan na masu ƙasar ne. Na riƙe wannan labari a rai sauran tafiyar, domin tambayar da ke cikinsa ta bi ni har Tebaram: baƙon iri, yaushe yake zama ɗan gida, kuma hannun wa ya mai da shi haka?

Daga Tsernawa ƙasa ta sake kama. Duwatsun Adar ne masu shimfiɗaɗɗen kai, baƙar tsakuwa a samansu, kwaruruka a tsakani. Wajen Badagishiri na ga karan gero tsaye a kan faƙon da ko ciyawa ba ta so. Tassa ce: ramuka jere, kowanne an zuba masa taki, ruwan sama ya taru a ciki maimakon ya gudu. Ita ma dabarar baƙuwa ce a wannan siffa. A 1989 wani shiri da asusun IFAD ya tallafa wa ya kai manoman yankin Illela ziyara Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake yi, suka dawo suka gyara tsohon ramin shukarsu. Ba a daɗe ba faƙon da a da ake bayarwa kyauta ya koma abin ciniki. Gabas da nan, a Keita, tun 1984 aka soma babban aikin gyaran ƙasa da kuɗin Italiya, inda mata suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka, aka dasa miliyoyin itatuwa.

Tawa gari ne na rairayi, wanda ya tashi daga haɗuwar ƙauyuka biyu, Bilbis da Fakawa. Ranar Lahadi kasuwarsa ke ci sosai. A layi ɗaya za ka ga Buzu da rawani yana sayar da cuku, Bafillatana da ƙwaryar nono, Ba'adare a bayan tulin hatsi yana awo da tiya, ga dabino da gishirin da suka sauko daga arewa, ga garin rogo da manja da suka hauro daga kudu. Adar ta daɗe a haka. Azna, manoma da maharba, su ne tsoffin mazauna. Ƙasar ta zauna ƙarƙashin Kabi, sannan a ƙarshen ƙarni na 17 Agabba ɗan Sarkin Agadas ya karɓe ta, zuriyarsa ce ke sarautar Illela. Djibo Hamani da Nicole Echard duk sun wallafa bincikensu kan tarihin yankin a 1975, kuma abin da mai karatu ke fitowa da shi daga ciki shi ne garuruwan Adar jerin ƙaura ne, wasu sun zo sun tarar da wasu, kowa da sana'arsa da abin shukarsa.

A ƙarni na 19 noma ya maƙale a kusa da duwatsu, saboda fita fili sayar da rai ne a zamanin hare-hare. Bayan Faransa ta kafa mulki a farkon ƙarni na 20, mutane suka fara fantsama kan jigawa, wasu don neman sabuwar ƙasa, wasu don su yi nesa da haraji da aikin tilas. Buzayen da suka fita daga hannun iyayengijinsu su ma suka kama hauya. Sai kuma damunan shekarun 1950 suka zo da ruwa mai yawa, daji ya yi kore har inda ba a saba ba, tunga ta bi tunga ana dosar arewa da yamma. Ƙasar Tebaram na cikin inda wannan guguwar manoma ta kai.

Tebaram tana yamma da Tawa. Tillia ce a arewacinta, Bagaruwa a kudu. Motar 'yan kasuwa na shiga, mutane a kan buhuna, awaki ɗaure a gefe. Da aka bar kwalta sai jar ƙasa, daga nan sai rairayi, direba na bin sawun wanda ya riga shi. Bishiyoyi suka ragu zuwa aduwa da magariya da ɗaiɗaikun gawo, sai anza a gindin tudu. Abin da ya fi ɗaukar ido a kowane ƙauye shi ne rumbunan laka, manya, masu tumbi, wasu sun fi ɗakin kwana girma. A ƙasar da ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kuma damina ɗaya cikin kaɗan sai ta ƙi, ginin da ya fi muhimmanci a gida shi ne wanda zai riƙe hatsin shekara mai kyau ya kai shi shekara mara kyau.

Mai masaukina dattijo ne a wata tunga kusa da garin. Bayan gaisuwa da ruwan fura, da ya ji abin da ya kawo ni, bai yi dogon bayani ba, sai ya ce wa jikansa ya hau rumbu ya sauko da wani dami. Ɗaurinsa dabam ne da sauran, an yi masa igiya biyu.

"Malam, wanga shi na iri," in ji shi. "Ko yunwa ta kai inda ta kai, ba a kai shi turmi."

Ya zaro zangarniya guda ya ba ni. Ni da na saba da Zango na ƙasar Maradi, mai tsawo har ya kan fi hannun mutum, sai na ga wannan gajera ce, amma a cike take tam, ƙwaya ta matse ƙwaya har ba ka ganin tsakiya. Gergera ke nan, geron Adar. Ya nuna mini yadda yake zaɓe. Ba a masussuka ake yi ba, a gona ake yi tun kafin a ɗaure. Yana bi yana duban wadda ta riga nuna, wadda ta cika har baki, wadda tsutsa ba ta yi wa zane ba, wadda ba ta da gauraye da shibra, geron dajin nan da ke zubar da ƙwayarsa tun kafin a zo yanka. Ya murza ƙwaya da babban yatsa, ya sa ɗaya a haƙori. In ta fashe da ƙara, ta yi. In ta narke, ta tuwo ce. Ba ya sussuke irin sai shuka ta matso, domin a jikin zangarniya ƙwari ba su cika samunsa ba.

Kakansa ne ya kawo irin daga wajen Illela, a cewarsa, lokacin da suka zo suka sari daji suka haƙa rijiya. Na tambaye shi ko har yanzu irin kakan nasa ne.

"Shi na, kuma ba shi ba ne," ya ce. "Na kakana sai ya sha ruwa ya ƙoshi. Wanga ya koyi sauri."

Maganarsa ta yi daidai da abin da masu bincike suka gano. A 1976 an tattara irin gero daga ƙauyukan Nijar aka adana. A 2003 masana na cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu na Nijar suka koma ƙauyuka 79 daga cikinsu suka sake tattarawa, suka shuka tsoho da sabo gefe da gefe a Sadore, kusa da Yamai. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna sunayen iri ba su ɓace ba, yawan bambancinsu bai ragu ba, amma geron 2003 ya fi saurin fitar da kai, karansa ya fi gajarta. Tsakanin tattarawar biyu akwai farin 1984 da damunan da suka gajarce. Ba wata hukuma ce ta sauya irin ba. Dubban hannaye irin na wannan dattijo ne, kowace kaka suna fifita zangarniyar da ta tsira. Shi ya sa ba na jin daɗin yadda wasu ke maganar irin gargajiya kamar kayan tarihi da za a kulle a kwalba. Ajiyar da ake yi a Sadore da tashar binciken noma ta INRAN da ke Tarna tana da amfani ƙwarai, amma irin da ke cikin sanyin ɗakin ajiya ba ya koyon komai. Gero ya shafe shekaru kusan 4,500 a hannun mutanen Sahel, kamar yadda burbushinsa da aka tono a kwarin Tilemsi na Mali ya nuna, kuma a gona ya yi duk wannan zaman.

Dattijon ba ya ƙin sabon iri. Yana da HKP da ya samo daga gidan gona, yana shuka shi a gefen da ya fi kusa da gida don a samu abin ci da wuri. Wani maƙwabcinsa na da Ankutes da ɗansa ya kawo daga Damargu. Gero kuwa iska ke yi masa aure, don haka duk suna cuɗanya a hankali. Dalilin tara iri fiye da ɗaya a bayyane yake: a nan ana yin binne tun ƙasa na bushe, in ruwan farko ya yaudari mutane tsiro ya ƙone, a sake shuka, wani lokaci har a sake na uku. Mai iri kala ɗaya, kuma tiya kaɗan, shi ke fara zuwa bashi.

Ajiyar da ta fi ba ni mamaki tana ɗakin uwargidan. Ta jawo wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka, ta fasa, ga wake a cikin toka, fari da ja da mai ɗigo-ɗigo. Sannan ƙulle-ƙullen tsumma: kuɓewa gajera mai ƙaiƙayi wadda ba ta buƙatar ruwa da yawa, yakuwa ja ta sha da fara ta miya, riɗi, gurji, guna, gujiya. Wasu ta zo da su ne daga gidan uwarta ranar da aka kawo ta, tare da ƙore da tabarmi. Wasu ta karɓa wurin suna ko biki.

"Ɗana, mace ba ta zuwa gidan miji hannu sake," ta ce da ni. "In ba ki da irin miyarki, miyar wata za ki sha."

A gamanarta take shuka su, 'yar gonar da maigida ke yanka wa mace. Daga 'ya'yan yakuwar nan take dafa daddawar batso, wadda ita ce daddawar ƙasar da ɗorawa ba ta fitowa. Idan ana maganar yadda iri ke yawo tsakanin garuruwa, a kan ambaci fatake da ma'aikatan gona. Aure ya fi su duka kai iri nesa, kuma ba wanda ke rubuta shi.

Sai dai labarin masu sarar daji yana da ɗaya fuskar, kuma rashin adalci ne a ɓoye ta. Dajin da aka sara ba kango ba ne, makiyaya ce ta Fulani da Abzinawa. Tun ranar 26 ga Mayu 1961 Nijar ta kafa doka mai lamba 61-05 da ta ja layin da noman damina ba zai haura ba, ta kuma ce gonar da aka yi arewa da layin, in dabba ta ci, babu biya. Yawan jama'a da gajiyar ƙasar kudu sun tura gonaki sun ƙetare shi a wurare da dama. Dokar karkara ta 1993 da ta makiyaya ta 2010 sun sake jaddada haƙƙin masu dabbobi, amma takarda ba ta tsayar da hauya. A bakin rijiya na zauna da wani dattijon Bafillace da ke jiran layin shayarwa.

"Burtalin da na bi da ubana, garke biyu na wucewa ba su gogi juna ba," ya ce. "Yanzu saniya ɗaya sai na riƙe mata baki."

Ba da zafi ya faɗa ba, kuma da yamma na gan shi a tungar, matarsa na musayar nono da hatsi. Bayan an kwashe amfani shanunsa za su kwana a gonar mai masaukina su bar taki. Furar da ake sha a nan safe da rana, wadda ita ce ainihin abincin yini, ba ta yiwuwa sai da su biyun: gero daga ɗaya, nono daga ɗaya. Duk wanda ke son makomar noma a arewacin Adar dole ya so makomar burtali tare da ita.

Cin abinci a gidan ma darasin tarihi ne. Da dare tuwon hatsi da miyar kuɓewa busassa, barkonon da ke ciki kuwa daga nahiyar Amurka kakanninsa suka fito, haka tumatir da gyaɗa da rogo da masara. Da hantsi aka kawo shayi, ganyen Sin da ya ratso ta Maroko ya zama na Abzinawa kafin ya zama na kowa, aka haɗa shi da cuku. Zogalen da ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli ɗan Indiya ne, haka ma dogon yaron da muka zauna a inuwarsa. Yunwa ma ta shigo da nata. Dattawa na lissafa shekaru da sunayenta, daga Kakalaba ta 1913 zuwa El Buhari ta 1984, wadda ta ci sunan shugaban Najeriya da ya rufe iyaka a lokacin. Bayan wannan farin ne gwamnatin Seyni Kountché ta matsa wa noman rani, kabeji da salati da karas da dankalin Turawa suka shiga garake a bakin tabkuna irin na Tabalak da Dan Dutsi. Yau yaron ƙauye na cin kwaɗon kabeji bai san akwai lokacin da kakarsa ba ta taɓa ganinsa ba. Anza kuwa, mai ɗacin da sai an jiƙa ta kwanaki ana zubar da ruwa, har yanzu kowace tsohuwa ta san aikinta, kuma ba ta fatan ta koma gare shi.

Ba shigowa kaɗai abinci ke yi ba, yana fita. Da an ɗaure dami na ƙarshe samarin Adar ke kama hanyar ci-rani: Abijan, Kumasi, Legas, Libiya, Aljeriya. Ɗan mai masaukina ya yi shekaru a Abijan yana sayar da aceke da soyayyen kifi, da yankakken barkono da albasa a kai. Wannan abinci, da ya zama na ɗalibai da leburorin birnin baki ɗaya, garba ake ce masa, saboda 'yan Nijar ne suka yi fice da sayar da shi kuma sunan ya yi yawa a cikinsu. Rogon na mutanen gaɓar teku ne, kifin na teku ne, hannun da ya haɗa su ya kai bakin titi na ɗan Sahel ne. Kuɗin da ke dawowa daga irin wannan rumfa shi ke sayen hatsi a bazara, wato shi ke hana a kai damin iri turmi. Tare da kuɗin kuma ɗanɗano ke dawowa: shinkafa, taliya, garin rogo da mai da yaji, da ɗan dunƙulen da ke ture daddawar batso daga tukunya. Wannan na ƙarshen ya dame ni, domin ranar da aka daina dafa daddawar, za a rage shuka yakuwar da ake yin ta da ita.

Abin da ya fi wannan tsanani shi ne tsaro. Ranar 21 ga Maris 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tillia, maƙwabciyar Tebaram. Tun daga lokacin yammacin jihar Tawa bai samu kwanciyar hankali ba: ana kora dabbobi, ana tilasta wa ƙauyuka biyan abin da maharan ke kira zakka, wasu tungaye sun watse. Mutane ba sa son doguwar magana a kai, hira na kaiwa nan sai murya ta sauka. Wanda ya gudu da dare ba ya ɗaukar dami. Irin gero a ajiyar gida kuwa 'yan shekaru kaɗan yake yi ƙarfin tsirarsa ya ragu, don haka damina biyu ko uku ba tare da shuka ba sun isa su yanke zaɓen da aka faro tun zamanin kaka. Taimakon da ke zuwa na abin ci ne, in an raba iri kuma yawanci kala ɗaya ne ga kowa.

Da zan koma Tawa, mai masaukina ya ba ni saƙo in kai wa ƙanensa da ya baro tungarsu ta arewa ya zauna a gefen gari: tiya biyu na Gergera a ɗaure cikin zane, rance, a biya in kaka ta yi. Na same shi a wata bukkar kara da iyalinsa. Ya kwance, ya duba ƙwayar, ya tambayi lafiyar yayansa da ta mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Wani mai gona ya ara masa fili a bayan gari, faƙo ne, kuma ya ce zai soma haƙar tassa tun cikin sanyi kafin ƙasa ta ƙara tauri, shi da 'ya'yansa biyu da bai bari sun tafi ci-rani ba. Abin da ya rage masa shi ne taki, domin awakin da zai tara kashinsu suna cikin waɗanda aka kora.